Noti Ya Ƙi Kwancewa: Gyaran Tsohuwar Motar Ikkilisiya a Gida

Jawabin da ma'aikacin raya karkara ya yi a taron dattawa da matasan gunduma

 

Yau an ce in yi magana a kan motarmu, tsohuwar Hilux ɗin nan mai shan gas. Kun san aikinta. Ita ke ɗauko taki, ita ke kai hatsi rumbun ikkilisiya, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Bakanike yana can gari, nesa da mu, shi ya sa ƙananan gyare-gyare suka zama namu. Abin da ya fi ba mu wahala kuwa shi ne notin da ya ci tsatsa ya kafe.

Bari in fara da laifina. Da daminar bara taya ta yi faci, na zo kwancewa, noti biyu suka ƙi. Na zura dogon bututun ƙarfe a sufana, na hau na taka da dukan nauyina. Sai na ji ƙas! Ƙarfen da notin ke hawa ya karye. Na koma kan na biyu da haushi, shi ma ya karye. Motar ta yi kwana tara a kan dutse kafin a samo sababbi. Cikin kwanakin nan aka ɗauki wata 'yar'uwarmu mai naƙuda a kan babur, cikin ruwa da taɓo. Mun gode wa Ubangiji ta sauka lafiya, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Me ke kafe noti? Ruwa da iska suna cin ƙarfe su mai da shi tsatsa, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma. Sai ta cika tsakanin haƙoran noti ta matse su. Na wajen salansa sun fi muni, domin kullum suna zafi suna hucewa. Mu kuma muna ƙara musu da ƙetare rafi da ɗaukar taki, gishirin taki kuwa yana sa ƙarfe tsatsa da sauri.

Abu na farko, a duba sufana. Notukan Toyota na milimita ne, yawanci 10, 12, 14, 17 da 19, na taya kuma 21. A akwatinmu akwai tsofaffin sufanun inci. Mai 9/16 yakan shiga notin 14 kamar nasa ne, alhali ya ɗan fi shi faɗi, kuma wannan ɗan faɗin ne ke cinye kafaɗun noti ya mai da shi mulmulalle. A nemi sufana mai zobe ko mai kwanso, mai kusurwa 6 in akwai, wadda za ta rungumi notin duka. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa. Filaya kam, a bar ta a akwati.

Sai a goge tsatsar da burushin waya, a zuba mai. WD-40 yana da kyau. In babu, kananzir ko gas ɗin motar kansa zai yi, domin sun fi baƙin mai tsinkewa, sun fi shi shiga lungu. A nan ne yawancinmu muke kasawa, muna zubawa muna ja nan take. Mai yana bukatar lokaci. A zuba da yamma, a ƙara kafin a kwanta, a dawo da safe. A ɗan bubbuga kan notin da guduma, ba da ƙarfi ba, don tsatsar ta farfashe. Sa'an nan a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna, a dawo baya. In ya motsa, kada a yi murna a ja gaba ɗaya. A yi gaba a yi baya, ana ƙara mai, har ya saki. Matasa masu taimakon direbobi, ku kula: wasu manyan motoci, irin su Canter, notin tayarsu na hagu a juye yake, akan ga harafin L a kansa. Wanda ya ja irin yadda ya saba, ƙara ɗaure shi yake yi.

In duk ya ƙi, sai wuta. Zafi yana buɗa noti ya rabu da tsatsa, amma wannan aikin mai walda ne. A goge man da aka zuba tukuna. Kada wuta ta kusanci tanki, ko tiyon mai, ko na birki, ko batir, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A cire taya ma, kada a gasa noti tana jiki, tana iya fashewa. Yashi ko ruwa su kasance a kusa.

Abu biyu nake roƙonku, iyayena, ku tsawata wa yaranmu a kai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, a sa kututture mai ƙarfi, a tare tayoyi da duwatsu. Kuma kada a taɓa bututun nozul injin yana aiki. Gas ɗin da ke fita nan yana iya huda fata, wanda ya same shi a kai shi asibiti nan da nan ko da raunin ƙarami ne.

Ranar Asabar bayan addu'ar safe za mu kwance notukan tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, mu goge su, mu mayar, tun ruwa bai sauka ba. Zan zuba musu kananzir tun daren Juma'a. Duk mai sufana 21 a gida ya zo da ita.