Satifika Ta Dawo, To Ina Karatun?

Wannan jawabi ne da aka gabatar a gaban taron shugabannin makarantun firamare na gundumar Dakoro, cikin jahar Maraɗi. Mun buga shi dukansa domin maganar ta shafi duk mai ɗa a lakwal.

 



An nemi in yi magana a kan abubuwa biyu da suka faɗo wa shugaban makaranta a lokaci guda: dawowar jarrabawar ƙarshen firamare, wadda a takarda ake kira CFEPD, mu kuma muke ce mata satifika, da kuma sabon tsarin karatu da ake ta faɗaɗawa. A Yamai ofisoshi daban-daban ne ke riƙe da waɗannan abubuwa. A Kornaka ko Birnin Lalle kuwa, mutum ɗaya ne ke ɗauke da su duka, wato darakta, wanda sau da yawa shi ne kuma malamin aji shida, shi ne magatakarda, shi ne mai sasanta rigimar iyaye. Saboda haka zan haɗa su a magana guda, kamar yadda suke haɗe a kanku.

Bari mu fara da waiwaye, domin mantuwa ce babbar cutar siyasar iliminmu.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara koyar da yaro da Hausa kafin a shigar da shi Faransanci. Aka ga amfaninta, aka yaba, aka ci gaba da kiranta gwaji har waɗanda suka shige ta suka yi jikoki. A 1988 aka fito da sabbin manhajojin firamare. Sun zo ne ƙasa tana cikin tsuke bakin aljihu bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zanga a kan wannan tsari, jininsu kuwa yana cikin abin da ya kai mu ga Gagarumin Taron Ƙasa na 1991. Shekarun da suka biyo baya kun san su: bashin albashi, yajin aiki, da fararen shekaru da yara suka yi asararsu. Ranar 1 ga Yuni 1998 aka sa hannu a kan doka mai lamba 98-12, wadda aka fi sani da LOSEN. Wannan doka ta tanadi cewa a matakin firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, Faransanci kuma darasi ne da ake koya tun daga ajin farko. Yawancin makarantunmu sun shekara da shekaru suna aiki kamar ba a taɓa rubuta wannan doka ba.

Daga 2003 shirin shekaru goma na bunƙasa ilimi ya buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba, wannan kuwa alheri ne da ba mai musunsa. Amma an cika azuzuwan da malaman kwantaragi, da yawansu ba tare da isasshen horo ba, a kan albashin da ba ya zuwa kan kari. Daga 2014 aka daina satifika, aka ce makin jarrabawar zango-zango na aji shida shi zai kai yaro kwaleji. A 2015 aka fara gwada sabon tsarin karatu a makarantu 500, da harsuna biyar: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa dubbai. A 2024 satifika ta dawo bayan shekara goma. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Jama'a, ku dubi wannan jeri. Mulkin soja da na farar hula, kowane ya zo da nasa gyara, kowane ya tafi bai tsaya ya ga abin da gyaran ya haifa ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana bukatar shekara shida kafin ya fita. Ministoci nawa ne suka yi shekara shida a kan kujera?

Yanzu ga maganar satifika. Na ji murnar iyaye da ta dawo, kuma murnar tana da hujja. Fatake da ke cikin wannan zaure sun fi kowa sanin amfanin tiya. In kowane ƙauye ya ƙera tasa tiya, wani babba wani ƙarama, ciniki ya lalace, amana ta tafi. Abin da ya faru ke nan lokacin da maki ya koma hannun makaranta: yaron da ya sami matsakaicin maki a wannan gari ba lalle ne ya kai wanda ya faɗi a wancan ba. Darakta kuma ya shiga tsaka mai wuya, domin mai neman alfarma ga ɗansa maƙwabcinsa ne, ko mai gidan da yake haya, ko wanda yake ba shi bashin hatsi kafin albashi ya zo. Malaman kwaleji sun yi ta kukan ana turo musu yaran da ba su iya karanta jimla ɗaya ba. Jarrabawa guda ta ƙasa, wadda baƙon malami ke tsarewa, wani baƙon ya gyara, tana sauke wa darakta wannan nauyi, tana kuma ba ɗan talaka takardar da ba a ce alfarma ce ta ba shi ba.

Amma fa tiya ba ta cika rumbu. Awo kawai take yi. Ga shaida. Akwai wani bincike da ake kira PASEC, wanda ke gwada yaran ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da ma'auni ɗaya. A na 2014, cikin ƙasashe goma, Nijar ce ta zo ƙarshe: yaranmu na ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba, haka ma a lissafi. Waɗannan yara sun yi kusan dukan karatunsu ne a zamanin da satifika take nan daram. A na 2019 kuwa, lokacin da babu satifika, adadin ya hau zuwa kimanin 30 cikin 100 a karatu. Ba ina cewa soke jarrabawa ne ya kawo ƙarin ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ɗora lalacewar ilimi a kan rashin satifika, ya kuma ɗora begen gyara a kan dawowarta, to ya bar jaki yana dukan taiki. Ku tuna kuma da watan Yuli na 2017, lokacin da ma'aikatar ilimi ta gwada malaman kwantaragi da kansu, aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami matsakaicin maki. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, domin gwamnatocin da suka ɗauke su ba horo su ne suka dawo suna mamakin sakamakon.

Akwai kuma haɗarin da tsofaffin malamai suka sani sarai. Idan aka mai da yawan waɗanda suka ci satifika ma'aunin darakta, to darakta zai nemi hanyar kare kansa. Zai ba aji shida malami mafi ƙwarewa, ya bar aji ɗaya mai yara tamanin ga wanda ya zo jiya. Zai sa masu rauni su maimaita aji biyar don kada su ɓata masa lissafi, yarinyar da aka ce ta maimaita kuwa sau da yawa ɗakin aure take nufa, yaron kuma ya bi ƴan ci-rani. Za a koma haddar tambayoyin bara. A takarda makaranta ta yi fice, a gari kuwa rabin yara sun zube a hanya ba wanda ya ƙidaya su.

Sai maganar harshe, wadda ita ce gaɓar da jarrabawa da sabon tsari suke karo. Sabon tsari ya ce a fara da harshen da yaro yake ji, a ɗauko darasi daga rayuwarsa, wato rijiya, kasuwa, garke da gona, sannan Faransanci ya riƙa ƙaruwa aji bayan aji. Wannan hanya ce mai kyau, domin karatu sau ɗaya ake koyonsa: yaron da ya gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa a Hausa, zai ɗauki wannan sani ya shiga da shi kowane harshe. To amma malami yana koyar da abin da za a tambaya ne, uba kuma yana neman abin da za a tambaya. Muddin dikte da lissafin Faransanci su ne ƙofar kwaleji, harshen uwa kuma ba ya da maki mai nauyi, to duk abin da doka ta ce, malami zai tsallake littafin Hausa, uba kuma zai ce an mai da ɗansa ɗan makarantar yaƙi da jahilci. Wanda yake son gyara manhaja ya fara da takardar jarrabawa.

Kada kuma mu manta a Dakoro muke. Kudancin gundumar nan noma ne, amma daga kwarin Tarka zuwa arewa, har iyaka da Bermo wadda ta zama gundumar kanta a 2011, ƙasar makiyaya ce. Akwai azuzuwan da ɗan Bahaushe, ɗan Bafulatani da ɗan Buzu ke zaune a tabarma ɗaya. Ɗaukaka Hausa abin alfahari ne ga masu jin ta, amma yaro ɗan shekara bakwai da ya taso a ruga yana da haƙƙin a fara masa da harshen da uwarsa ta yi masa tawai da shi. In muka yi masa abin da Faransanci ya yi mana, ba mu yi adalci ba.

Sannan ga lokaci. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, alhali ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an sami kara, yara kuma suna gona. Da rani rijiyoyi su yi nisa, garke ya tashi, yaro ya bi iyayensa, sai fa inda kantin abincin makaranta ke aiki. Da hadarin farko zana ta faɗi. Ita wannan zana mun ga abin da ta jawo a 2021, lokacin da gobara ta cinye yara ƙanana kimanin ashirin a Yamai cikin watan Afrilu, da wasu fiye da ashirin a Maraɗi cikin watan Nuwamba. Allah Ya jiƙansu. Yaron da ya sami wata biyar na karatu za a ba shi takarda ɗaya da wanda ya sami wata tara a babban birni. Tiya ɗaya ce, gaskiya, amma damina ba ɗaya ba ce.

To me ya rage a hannun shugaban makaranta? Abubuwa huɗu, kuma babu wanda yake bukatar izinin Yamai.

Na farko, ku ba aji ɗaya da aji biyu malaman da kuka fi amincewa da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Satifikar da za a yi nan da shekara biyar, a waɗannan azuzuwa ake cin ta ko a faɗi.

Na biyu, ku auna da kanku, tun da wuri. A farkon shekara ku zaunar da kowane yaro na minti kaɗan: wa ya san baƙaƙe, wa yake haɗa gaɓa, wa yake karanta jimla ya gane, wa yake iya ragi da aro. Ku raba su bisa abin da suka iya, ku ware sa'o'in taimako da yamma tare da kwamitin kula da makaranta, ku sake gwadawa bayan wata uku. Ku karanta sakamakon a gaban iyaye da Hausa, ba ɓoye-ɓoye. Makin zango kuma ku rubuta na gaskiya, ko da zai ɓata wa wani rai.

Na uku, takardar haihuwa. Kowace shekara akwai yaran da suka iya karatu amma rashin wannan takarda yake neman hana su zama jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tattara sunayen marasa ita tun daga aji uku, ku kai wa magajin gari, a nemi alƙali ya fito zaman ƙauye ya yanke musu hukuncin da zai maye gurbinta.

Na huɗu, ku raya tarukan ƙara wa juna sani na malamai. Malamin da aka miƙa wa littafin Hausa alhali bai taɓa koyon ƙa'idar rubuta ta ba, bai san inda ake sa ƙugiya ba, taimako yake bukata kafin tsawa.

Ga hukuma kuma muna da kira, cikin ladabi amma ba da rufa-rufa ba. A daidaita jarrabawa da manhaja, harsunan ƙasa su sami makinsu a satifika. Littafi da jagoran malami su iso kafin a buɗe makaranta. A biya ɗan kwantaragi haƙƙinsa kan kari, domin wanda yake kwana uku a garin gunduma yana jiran albashi ba ya cikin aji. A bayyana sakamako gari-gari, tare da yawan yaran da suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce, domin a san nawa suka zube. Sannan duk gyaran da aka fara a bar shi ya kai yaye ɗaya cikakke, a auna shi, kafin a rushe.

Ku kuma fatake da ma'aikata, da yawanku kun kai ƴaƴanku makarantun kuɗi a Maraɗi. Ba laifi ba ne. Amma yaron da zai riƙe muku littafin kanti gobe, da ungozomar da za ta karɓi haihuwar jikokinku, da malamin da zai koyar da su, yawancinsu yau suna zaune a ƙarƙashin zana. Aji ɗaya na tubali, ko buhun kaye da alli, ko halartar taron kwamitin makaranta, bai fi ƙarfin kasuwar Dakoro ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba shugabanninmu haƙurin gama abin da suka fara, Ya ba ku ƙarfin riƙe amanar da ke hannunku, Ya yi wa ƴaƴanmu albarka.