Abin Da Karatun Sanin Laifuka Ya Koya Mini

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Da farko ina godiya ga Allah da Ya sake tara mu cikin ƙoshin lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kwamitin shirya taro ne ya umarce ni da in ɗan yi bayani a kan karatun digiri na biyu da na yi a fannin sanin laifuka, shari'a da sa ido kan bin doka. Tun da na gama karatun nan 'yan ajinmu ba su bar ni na huta ba. Wasu suna kirana ɗan sandan ciki, wasu kuma su ce in dubi fuskar wane in gaya musu ko ɓarawo ne. To, ku kwantar da hankalinku. An taɓa yin wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, wanda a shekarar 1876 ya rubuta cewa ana gane mai laifi daga siffar kansa da fuskarsa, amma masana sun daɗe da yin watsi da wannan magana.

Karatun ya kasu kashi uku. Na farko, me ke sa mutum ya aikata laifi. Na biyu, me ke faruwa da shi daga ranar da aka kama shi, wato daga caji ofis zuwa kotu zuwa gidan yari. Na uku, yadda hukuma ke sa ido a kan 'yan kasuwa da kamfanoni da ma'aikata domin su bi ƙa'ida. A cikin duk abin da aka koya mana, abu guda ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi nake so in bar muku yau.

A shekarar 1764 wani masani, shi ma ɗan Italiya, mai suna Cesare Beccaria, ya wallafa wani ɗan littafi a kan laifi da hukunci. Abin da ya nuna shi ne, tabbacin za a kama mutum a kuma hukunta shi da wuri ya fi tsananin hukuncin hana laifi. Ranar da aka karanta mana wannan a aji sai na yi murmushi, domin a makarantar nan na fara ganinsa. Kun tuna muna da malamai biyu masu kula da makara. Ɗaya yana da dorina, ranar da ya kama ka sai jikinka ya gaya maka, amma sai ya yi mako biyu bai leƙo bakin ƙofa ba. Ɗayan ko tsawa ba ya yi, ɗan littafi ne kawai a hannunsa, amma kullum ƙarfe bakwai da rabi yana tsaye, kuma kafin azahar kana riƙe da langalanga kana yankan ciyawa. Ba zan kama suna ba, tunda ɗaya daga cikinsu yana zaune a nan. Amma ku faɗa tsakaninku da Allah, a makon wa muka fi sammako?

Idan muka dubi dokokin ƙasar nan, a rubuce ba su da laifi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi ma suke da irin tasu, ta hana a kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum saboda rikicin bashi ko ciniki, ta kuma umarci alƙalan majistare su riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata. A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, aka ba ta aikin kula da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Duk da haka, kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a gidajen nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

Yaya aka yi haka? Sau da yawa 'yan sanda kan kai mutum kotun majistare da tuhumar babban laifi, kamar fashi da makami ko kisan kai. Kotun ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara, don haka sai ta ba da umarnin a ajiye shi, a tura fayil ɗinsa ma'aikatar shari'a domin lauyoyin gwamnati su ba da shawara. Daga nan rayuwarsa ta koma cikin fayil. In fayil ya motsa, ya motsa. In ya kwanta, shi ma ya kwanta.

Lokacin da nake tattara bayanan kundin bincikena, na sami izinin shiga wani gidan gyaran hali. A nan na haɗu da wani saurayi tela. Waya ya saya a kasuwa, ashe ta fashi ce, aka haɗa shi da 'yan fashin. Ranar da muka zauna da shi ya shekara uku da wata huɗu a ciki, kuma ba a taɓa kiran shaida ko ɗaya a kansa ba. Bai roƙe ni kuɗi ba. Cewa ya yi, "Yallaɓai, don Allah a gaya mini laifina, ko a ɗaure ni in san ranar fita." Da taimakon wani lauya muka bi sawun fayil ɗin. Mun same shi a wani ofis, a ƙasan tulin takardu, jami'in da aka ba shi an yi masa canjin wurin aiki tun tuni, ba wanda ya ɗauka. Ba mugunta aka yi masa ba, mantuwa ce. An sake shi bayan 'yan watanni. Ya tarar an sayar da keken ɗinkinsa wajen neman belin da bai samu ba, yarinyar da zai aura kuwa har ta yaye ɗanta na fari.

'Yan uwa, ni ma'aikacin gwamnati ne, kamar da yawa daga cikinmu. Ranar da na koma ofis, kafin in zauna sai da na fito da duk fayil ɗin da ke kabad ɗina na duba kwanan watansu. Na ji kunyar abin da na gani. Daga ranar na daina ganin fayil a matsayin takarda, domin kowanne akwai mai jiransa a waje, ko ɗan fansho, ko marayu, ko mai neman lasin.

Haka zancen yake a ɓangaren sa ido. Masana biyu, Ian Ayres da John Braithwaite, sun nuna a 1992 cewa hukuma ta fara da nasiha, in ba a ji ba ta yi gargaɗi, sannan tara, sannan ƙwace lasin. Amma wannan tsani ba ya aiki sai mai shagon magani ko mai gidan mai ya tabbata sufeto zai zo, kuma in ya zo ba za a sallame shi da na goro ba. Mun sake komawa ga malamin nan mai ɗan littafi.

Ga ƙannenmu masu sha'awar wannan karatu, ba sai kana ɗan sanda ko lauya ba. Ana koyar da shi a sassan nazarin zamantakewar al'umma na jami'o'inmu, kuma Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa tana da fannin, wanda ya dace da mai aiki da iyali. Ka ƙarfafa Turancinka da lissafin ƙididdiga, ka zaɓi bincike a kan abin da kake gani a wurin aikinka, kuma kada ka nemi digirin domin ƙarin girma kawai.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga wannan ƙungiya. A cikinmu akwai lauyoyi, akwai 'yan sanda, akwai gandirobobi, akwai 'yan kasuwa. Mu kafa ɗan kwamiti da zai riƙa ziyartar gidan gyaran halin da ke kusa da mu ko sau biyu a shekara. Lauyoyinmu su bi fayil ɗin masu jiran shari'a, su haɗa kai da Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi da aka kafa tun 1976. Sauranmu kuma mu yi karo-karo mu biya wa masu ƙananan laifuka tarar da ta gagare su. Ni na ba da sunana, kuma Sakatare yana da takarda a gabansa.