Mudun da Ba a Gani: Laccar Akawun Reshe a Nariya

Wannan ita ce laccar da akawun reshenmu ya yi wa 'yan kasuwa da sauran jama'a a Nariya, cikin ƙasar Kibiya. Mun buga ta kamar yadda ya faɗa.

'Yan'uwa manoma da 'yan kasuwa, na nan Nariya da waɗanda suka taso daga Tarai, da Fassi, da Kibiya, da Rano, sannunku da zuwa.

Yau a kan awo za mu yi magana, tun da ba wanda ya fi ku sanin awo. Kowa a nan ya san dokar kasuwa. In za ka sayi dawa, ga mudu nan a fili, ka ɗauka ka juya shi, ka duba gindinsa ko an buga shi ciki. A auna a gabanka, a cika har yana zuba, in mai hatsin mutumin kirki ne ya ƙara maka gyara. Wanda aka kama da tauye mudu kuwa, kafin la'asar maganarsa ta kai gaban Sarkin Kasuwa, 'ya'yansa ma sai sun sha gori.

Kakanninmu sun ga wani irin awo dabam. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turawa suka kafa sikeli. Manomi ya kawo gyaɗarsa a kan jaki, a ɗora, akawu ya leƙa ya faɗi abin da ya gani, ko abin da ya ga dama, domin manomi bai san lamba ba. To, amma ko sikelin nan ana ganinsa da ido. Kamfanonin zamaninmu sun yi gaba, sun ƙago mudun da ba a gani sam. Su ke da mudun, su ke awo, su ke rubuta lissafi, in ka kai kuka kuma su ke sauraro.

Bari mu fara da wayar da ke aljihun kowa. Ba mu raina ta ba. Da ita mai wake ke jin farashin Dawanau tun bai ɗaura kaya a mota ba, da ita uwa ke jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani Ikko. Amma ku tuna yadda ta zo. A watan Janairu 2001 gwamnati ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani dala miliyan 285, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. Layi kaɗai, ɗan guntun abin nan da akuya za ta haɗiye ba ta sani ba, ya kai naira dubu 20, a lokacin da dubu 20 take dubu 20. Magana kuwa minti ɗaya naira 50, in ka zarce da daƙiƙa ɗaya tak, kuɗin minti biyu za a cire. Watau ka sayi mudu guda, ƙwaya ɗaya ta faɗo a kai, a ce maka malam biya mudu biyu.

Jama'a suka roƙa a riƙa lissafi da daƙiƙa, aka ce wannan ba zai yiwu ba tukuna, sai an yi shekaru. Ana nan sai Glo ya shigo kasuwa a watan Agusta 2003 yana lissafi da daƙiƙa. Ran 19 ga Satumba na wannan shekara kuma mutane da yawa a ƙasar nan suka kashe wayoyinsu yini guda don nuna fushi. Ikon Allah! Ba a jima ba sai injin nan da bai iya ƙirga daƙiƙa ba ya koyi ƙirga. Ba mu ji makarantar da aka sa shi ba. Ku riƙe wannan labari, za mu bukace shi nan gaba.

Sai maganar suna. Kamfanin nan da aka raɗa wa Econet a 2001, a 2004 ya zama Vmobile, a 2006 Celtel, a 2008 Zain, a 2010 Airtel. Suna biyar cikin shekara goma, duk sa'ad da ya sake ubangida sai a sake fenti. Da ana yanka rago kowane suna, da mahautan Rano sun yi arziki, mu kuwa ko goro ba a aiko mana ba. Na wuta ma haka. NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka sayar, mu na Kano da Katsina da Jigawa muka faɗa hannun KEDCO. Yara dai ba su yarda ba, har gobe in ƙwai ya kama "Nepa!" suke ihu. A Amurka ma kamfanin Facebook ya wayi gari a watan Oktoba 2021 ya ce a kira shi Meta, daidai lokacin da takardunsa na cikin gida suka fita duniya tana karantawa. To, Alhaji, in kana bin Tanko kuɗin buhu biyu, ya zo kasuwa ya ce daga yau sunansa Bawa, bashin ya faɗi ke nan?

Yanzu ga babban mudun, watau data. Wa ya taɓa ganin giga da idonsa? Kwano nawa ne a cikinta? Ka saya da hantsi, ka aika gaisuwa biyu, ka kalli hoton jikanka, da magariba saƙo ya shigo cewa ta ƙare. Ka ce ba ka ci haka ba, a ce na'ura ta ce ka ci. Na'urar wa? Tasu. In kuma ka yi tattali ka rage, ran da wata ya cika sai ragowar ta ɓace, sai fa in ka yi sauri ka sayi wata. Ku dubi wannan ciniki, jama'a: ka sayi buhun masara, ka biya, ka kai rumbunka, bayan kwana talatin mai masara ya tsallako da dare ya kwashe abin da ya saura, wai wa'adi ya cika.

A watan Janairu 2025 hukumar sadarwa, NCC, ta yarda a yi ƙarin kashi 50 cikin 100. Mu da muka ɗan zauna a aji mun san rabin dubu biyu dubu ɗaya ne, a haɗa a sami dubu uku. Amma a watan Fabrairu sai MTN ya ɗaga giga 15 ta mako daga naira 2,000 zuwa 6,000. Da ƙasa ta ɗauki surutu, ya fito ya ba da haƙuri. Mun karɓi haƙurin, sai dai muna roƙo a sake duba littafin lissafin da aka koya da shi.

In ka buga musu don kai kuka, wata murya mai daɗi za ta ce ka danna ɗaya, ka danna biyu, ta gaya maka kana da daraja ƙwarai a wurinsu, sa'an nan ta sa maka kiɗa har cajin wayarka ya mutu. Rediyo kuwa kullum albishir. A watan Disamba 2021 an sayar da lasisin 5G, kowanne dala miliyan 273 da 'yan kai, aka ce gudunsa sai walƙiya. Madalla. Mu dai akwai unguwanninmu da har yanzu sai mutum ya hau tudu, ya ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho, kafin ya ji "wa ke magana?"

Ku ji kuma yadda hukunci yake in ya faɗa kan babba. A watan Oktoba 2015 NCC ta ci MTN tara saboda layuka miliyan 5 da dubu 200 da ba a yi musu rajista daidai ba, kowane layi naira dubu 200, jimla tiriliyan 1 da biliyan 40. Aka shiga ciniki, taya, albarka, taya, albarka, har a watan Yuni 2016 aka sallama a biliyan 330, bai ko kai sulusi ba. Da hukuncin ya juyo kan talaka fa? A watan Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, tsofaffi suka yi ta sammako suna bin layi a rana, a watan Afrilu 2022 aka toshe kiran layuka fiye da miliyan 70. Akwai wanda aka zauna da shi aka ce nawa za ka iya?

Na banki ya fi ciwo, domin wannan ya taɓa tukunya. A watan Oktoba 2022 Babban Banki ya ce zai sake takardun naira 200, da 500, da 1,000, aka sa wa'adi ƙarshen Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka ce zamanin riƙe kuɗi ya wuce, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Tsohon kuɗi aka karɓe, sabo ba a gan shi ba. Kun tuna yadda aka karyar da awaki da hatsi don a sami tsaba a hannu, da yadda a wurare da dama sai ka ba da dubu ɗaya ko fiye kafin a ba ka dubu goma taka ta kanka. Naira ta koma sayen naira. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ran 3 ga Maris 2023 tsohon kuɗi ya dawo. Waɗanda suka tsara abin a Abuja ba su tambayi mai ƙosai ko tana da asusu ba.

Har yau kuwa kun san wasan: an cire a nan, bai shiga can ba. Mai saye yana rantsuwa, mai sayarwa yana rantsuwa, dukansu masu gaskiya, kuɗin yana sama yana shan iska. Amma ladan banki bai taɓa maƙalewa a hanya ba. A 2021 aka yanka naira 6 da kwabo 98 kan aikin banki da ake yi ta danna lambobi a waya. Kwabo 98! Yara, wa ya taɓa riƙe kwabo a cikinku? Kwabo ya mutu a kasuwa tun tuni, ashe yana nan da ransa a littafin kamfani. Kada dai ku huce kan yaron da ke zaune da na'urar POS a bakin kasuwa. Ɗanmu ne, shi ma yankarsa ake yi.

Masu wuta kuwa nasu mudun ya fi na kowa hikima, gidan da ba mita sai a kintata masa. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane awo, bisa alkawarin awa 20 a yini. A watan Oktoba na shekarar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako guda cikin duhu, 'yan walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Wuta takan yi nauyin ƙafa, takardar biya kuwa ba ta taɓa ɓatan hanya ba.

Kada ku ce halin na nan gida ne kaɗai. Kamfanin Apple na Amurka ya amsa da bakinsa a watan Disamba 2017 cewa yana rage wa tsofaffin wayoyinsa gudu, wai don lafiyar batir, har Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 don bai gaya wa masu saye ba. A watan Oktoba na 2020 kuma ya cire kan caja daga kwalin sabuwar waya, ya ce don tausayin muhalli ne. Samsung ya bi sahu a watan Janairu 2021. Watau masassaƙi ya sayar maka da turmi, ya riƙe taɓarya, ya ce yana tausayin itatuwa, amma in kana so ga ta can a rumfa ta biyu.

To, dariya ta isa, mene ne abin yi? Na farko, kowace ƙungiyar kasuwa ta sayi littafi. Duk wanda aka cire wa kuɗi ba dalili a rubuta rana, da adadi, da lambar rasit, domin kamfani ba ya jin rantsuwa, takarda yake ji. Na biyu, kada ka saki kaya don an nuna maka saƙo a wayar mai saye, sai ka ga kuɗin a naka asusun. Na uku, lambar sirrinka ko wanda ya ce daga banki yake kada ka ba shi, ba a ba kura ajiyar nama. Na huɗu, wanda saƙonnin talla suka dama ya rubuta STOP ya aika wa 2442. Wanda ya kai kuka ga kamfanin waya aka yi biris da shi, ya karɓi lambar ƙararsa, ya buga 622, layin NCC ne, kyauta. Wanda bai iya karatu ba ya zo ofis da rasit ɗinsa, mu rubuta masa, ba ko sisi.

Na biyar, shi ne babba, kada a tafi ɗaiɗai. Mutum guda da kukan naira ɗari biyar, kuɗin mashin zuwa Rano ma ya cinye ƙarar, kamfani kuwa da wannan ya dogara. Amma takarda guda mai sunan mutum ɗari biyu, wannan sai manaja ya gyara zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kada wani ya ce muku sun fi ƙarfin taɓawa. A watan Yuli 2024 hukumar kare masu saye ta ƙasar nan, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake wasa da bayanan mutanenmu. Ga kuma labarin 2003 da muka ce ku riƙe: ran da aka sami abokin gasa, jama'a kuma suka kashe waya tare, abin da ba ya yiwuwa ya yiwu.

Ba sadaka muke roƙo ba. Abin da ake nema a wurin mai dawa shi muke nema a wurinsu: a fito da mudu fili, a auna a gabanmu, wanda ya tauye ya biya. Littafin farko yana nan a kan tebur, masu rasit su matso.

Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.