Malamin da Ya Yi Karatu da Guminsa



An ce in yi magana a kan malamin da ya yi karatu yana neman na kansa, da abin da ɗalibai ke ƙaruwa da shi a hannunsa. A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ba sai an fita cigiyar irin wannan malami ba. Ku leƙa ofishin malamai a makarantunmu. Akwai wanda lodin rake a kasuwar Maƙarfi ya biya masa kuɗin rajista. Akwai wanda yakan kwana ban-ruwa a fadamar Hunƙuyi, gari ya waye masa a motar Zariya. Ga malamar da ta yi NCE da kuɗin ɗinki, da goyo a bayanta.

Hanyar ta daɗe. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin UPE, yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Litinin zuwa Juma'a alli na hannunsa, ƙarshen mako shi ne a kan benci. Wasu kuma a Jami'ar Ahmadu Bello suka yi digiri a lokacin dogon hutu, wato tsakiyar damina, gona na jira, iyali na jira.

To amma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wahala kaɗai ba ta mai da mutum malamin kirki. Wani idan ya tsallake, wahalar da ya sha sai ta zame masa bulala. Yaro ya zo da kukan rashin kuɗin littafi, sai ya ce, "Mu ma haka muka sha." Wannan kalma ta kori yara da yawa daga makaranta, kuma ina roƙon mu daina furta ta.

Malamin da nake nufi shi ne wanda bai manta inda ya kusa faɗuwa ba, sai ya je ya tsaya a wurin yana tare na baya. Ya san yaron da ke gyangyaɗi a aji lokacin ɗibar tumatir ba rago ba ne, tun asuba yake gona. Maimakon ya kore shi, sai ya maimaita masa darasin bayan la'asar. Ya san ba a aji ɗaya yara suka fi zubewa ba, a bakin ƙofar fita ne, ranar da aka ce a kawo kuɗin WAEC da NECO da JAMB. Saboda haka tun farkon zango yake zama da iyaye, a ware buhu ɗaya na masara tun a kaka. Yakan taka har zaure ya roƙi uba ya bar 'yarsa ta kammala, ya nuna masa cewa kwalejin koyon aikin lafiya tana nan Maƙarfi, ba sai ta yi nisa da gida ba. Yakan zauna ya cike wa ɗalibi fom na Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 zamanin mulkin ɗan wannan yanki, Alhaji Ahmed Muhammad Maƙarfi. Duk wannan ba ya cikin manhaja, kuma ba a biyan sa ko kwabo a kai.

Ba zan tsallake 2017 ba, ko da yake tunawa da ita akwai ciwo. A jarrabawar da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000, an ce sama da 21,000 ba su ci ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka shirya ta, amma ni abin da na ɗauka shi ne, mun bar malami yana ƙaro karatu a gajiye, da bashi a wuyansa, ba mai duba ko ilimi ya samo ko takarda kawai. Ba haka aka yi wa Malam Aminu Kano ba: yana koyarwa a Bauci aka tura shi Landan ƙaro ilimi a 1946. Ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, da ya dawo kuma ya horar da malamai a Maru. An tsaya masa ne, shi ma ya tsaya wa wasu.

Don haka roƙona ga hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu uku shi ne, a riƙa ba malami hutun ƙaro karatu da albashinsa, idan ya kawo takarda a yi masa ƙarin girma a kan lokaci. Attajiranmu na rake da tumatir da hatsi, kowannenku ya ɗauki kuɗin jarrabawar ko da yara biyar ne a garinsu bana. Ku kuma malamai, kowa ya koma ajinsa ya nemo yaron da ya daina zuwa, ya je gidansu a wannan makon.