Masu Sana'a da Kantuna a Zamanin Nasara: Jawabin Bikin Cikar Sarauta Shekara Ɗari

 

Idan ana ba da tarihin sarauta, galibi sunayen sarakuna ake jerawa tare da shekarun da kowane ya yi bisa gado, kuma wannan haƙƙinsu ne. Sai dai kowane sarki ya yi mulki ne a kan mutane masu neman abinci da hannunsu. Jawabin nan a kansu yake, wato masu sana'a na garuruwan da ke bisa hanyar da ta taso daga Gidan Runji, ta bi Tsibiri da Maraɗi, ta ratsa Cadawa da Agye har Gazawa, da yadda zamanin Nasara ya same su, da yadda ya bar su.

Kafin zuwan Faransawa, kowace babbar sana'a tana da sarkinta, naɗin fada. Sarkin Maƙera ne ke da alhakin hauya da gatari da mashi, kuma a wancan lokaci ƙarfen kansa daga tama ake narko shi. Sarkin Fawa ke tsayawa a kan yanka da rabon nama ranar kasuwa. Sarkin Aski da wanzamansa su ne na aski da kaciya da ƙaho, su ne kuma ke yi wa ɗan Bagobiri tsagar gidansu. Masaƙa na karɓar zaren da mata suka kaɗa, marina su turara, majema su gyara fata su miƙa wa dukawa. Baƙon da ya zo da gishiri ko kanwa bisa raƙumi yana da mai masauki, wanda zai nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya rikice. Da wuri ake biya.

Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 tsakanin Faransa da Ingila su suka ja iyakar da ta bar wannan yanki a hannun Faransa, Katsina da Kano kuma a hannun Ingila. Da farko daga Tasawa ake mulkin ƙasar, sai a 1927 aka mayar da mazaunin kumandan Maraɗi. Amma abin da ya fi shiga gidan talaka shi ne lampo. Nasara ba ya karɓar wuri, sai tamma, don haka tilas kowane magidanci ya nemo abin da zai sayar. Jirgin ƙasa kuwa ya riga ya iso Kano tun 1911, kuma kamfanoni na neman gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, don masana'antun mai da sabulu na Turai. Daga shekarun 1930 sai gujiya ta zama uwar kasuwa.

Manyan kantuna a Maraɗi suke: CFAO da SCOA da Compagnie du Niger Français, ga kuma Kwara ƴan Labanan. Sauran garuruwa sai da kaka suke ganinsu. Da an buɗe ciniki, sai a kafa sikeli a bakin kasuwa, buhuna su taru, jakai da raƙuma su yi ta jido daga ƙauyuka. Bature kansa bai san ƙauye ba, bai san wanda za a ba amana ba. Sai ya danƙa kuɗi ga ɗan gari, shi kuma ya rarraba wa yaransa su bazu suna awo. Kuɗin da manomi ya karɓa a sikeli, bayan an cire lampo, sau da yawa a kantin wannan kamfanin yake ƙarewa: akoko da atamfa, sukari, sabulu, ashana, kananzir, kwanon sha. Wanda ya ci bashi da damina kuwa, gujiyarsa ta riga ta zama ta wani tun tana ƙasa. Kuma manomin da bai iya karanta sikeli ba, abin da aka faɗa masa shi ne nauyin kayansa. Dattijai ba su manta da wannan ba.

A nan ne sana'o'i suka rabu. Yadin kanti ya fi saƙi araha da sauƙin nauyi, sai masaƙi ya fara rasa masu saye, kuma da ya rasa, mai kaɗi da marini suka rasa tare da shi. Maƙeri ya fi su dabara: ya bar wahalar narka tama, ya koma ga ƙarfen tsofaffin motoci da ganguna, ya ci gaba da ƙera hauyar da ba a iya noman gujiya sai da ita. Majemi ma bai faɗi ba, don fatar jar akuyar Maraɗi tana da daraja a Turai, kamfanoni na sayenta. A kwarin Gulbin Kaba, goriba ta ci gaba da ciyar da masu saƙar tabarma da tufkar igiya. Sa'an nan wasu sana'o'i suka tsiro waɗanda kakanni ba su san su ba: tela mai keken ɗinki, wanda yadin da ya karya masaƙi shi ya tashe shi, mai gyaran keke, direba da yaran mota, ɗan tebur mai sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya. Mata kuwa, da kaɗi ya ja baya, suka riƙe matsar mai da ƙuli-ƙuli, da fura da ƙosai na ranar kasuwa. Babu littafin kamfanin da ya rubuta su, amma da kuɗinsu aka yi kayan ɗakin ƴaƴa mata da yawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya gwada kowa. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 hukumar Faransa ta nan tana ɓangaren Vichy, Najeriya tana hannun Ingila, aka tsananta iyaka, kantuna suka bushe. Sai ga mutane sun koma ƙofar masaƙin da suka ƙyale, aci-balbal ta maye fitilar kananzir, fatake suka riƙa bin dare zuwa Katsina. Da sana'o'in gado sun riga sun mutu ƙurmus, da an sha tsiraici a shekarun nan. Bayan yaƙi abubuwa suka zo a jere: kuɗin sefa a 1945, ambaliyar da ta cinye tsohon Maraɗi a wannan shekarar har aka mayar da gari bisa tudu, sai soke aikin tilas a 1946, wanda ya bar wa samari ƙarfinsu su yi sana'a ko su tafi cin rani.

Ta wajen lafiya da rubutu, hannun hukuma bai kai nisa ba. Ƴan mishan na SIM sun zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920 suna ba da magani, amma ga yawancin jama'a ungozoma ce ke karɓar haihuwa, maɗori ke gyara karaya, malami ke rubuta wasiƙa da ajami zuwa ga ɗan da ke Kano.

Tun farko gujiyar yankin ta Kano take fita zuwa Legas. A 1953 Faransa ta ɓullo da shirin da ta kira Hirondelle, motoci na kai ta Parakou a Dahomey, jirgin ƙasa ya kai ta Kotonu. Bayan ƴancin kai na 1960, aka kafa SONARA a 1962 ta karɓi fitar da ita waje, kamfanonin Turawa suka soma janyewa. Farin 1973 da 1974 ya karya noman. Amma yaran sikelin nan da suka koyi lissafi da amana a hannun kamfanoni, daga cikinsu ne aka sami da yawa daga alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986.

Jerin sarakunan wannan gida yana nan a rubuce cikin wannan littafi. Jerin Sarakunan Maƙera da na Fawa da na Aski kuwa yana bakin tsofaffin gidajensu, kuma tsofaffin suna ƙarewa. Roƙon da ake miƙa wa fada shi ne a sa marubuci ya zauna da kowane gida, ya ɗauki sunayen da inda rumfar kowa take a tsohuwar kasuwa. Allah ya ja zamanin Sarki.