Motar Lantarki, Haibirid Ko Mai Fetur: Wacce Za Ta Kai Mu Gida?

 

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, zuwa gida ya zama abin lissafi ga yawancinmu mazauna birane. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024. Wasunmu da ba sa rasa ɗaurin aure ko ta'aziyya a garinmu, yanzu sai dai su buga waya. Wannan ne ya sa 'yan'uwa da dama ke tambaya ko lokaci ya yi da za a koma motar lantarki, ko kuwa wadda ke haɗa fetur da batir, wato haibirid.

Bari mu fara da abin da kowacce ke ci. A tafiyar kilomita 100, ƙaramar mota mai fetur takan sha kimanin lita 8, haibirid kuwa kimanin lita 5, domin tana cajin batirinta da kanta duk lokacin da aka taka birki. Motar lantarki zalla takan ci kusan yunit 16 na wuta. Ko da a kan naira 225 kowane yunit, farashin da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin bai wuce naira 3,600 ba, alhali mai fetur zai biya naira 8,000 idan lita tana naira 1,000. Ga shi kuma ba ta buƙatar juyen baƙin mai ko sauya fulogi.

To amma, jama'a, araha ba ta ado. Kuɗin sayenta ya fi na takwararta mai fetur, kuma batirinta ne ya fi komai tsada a jikinta. Kamfanoni galibi suna ba shi garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, mu kuwa mafi yawanmu 'yar Kwatano muke saye, wadda ta riga ta ci rabin wannan wa'adi ko fiye. Zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufan batir. Sannan ga matsalar hanya: daga Abuja zuwa Kano ya haura kilomita 400, kuma wuraren caji a manyan hanyoyinmu ƙalilan ne. Wanda ya isa gida ya tarar babu wuta, ya tayar da janareta don ya yi caji, ai fetur ɗin da ya guda ne ya sake saye.

Saboda haka shawararmu ita ce kowa ya dubi irin tafiyarsa. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce gida, ofis da makarantar yara ba, kuma yana da tsayayyar wuta ko isasshen sola, motar lantarki za ta rage masa nauyi. Wanda kuwa yake yawan zuwa gida, haibirid ce ta fi dacewa da shi, tunda kowane gidan mai zai wadatar da shi. Ba sabuwar fasaha ba ce: tun 1997 Toyota ta fito da Prius a Japan. Sai dai kada a biya kuɗi sai an kai ta wurin mai na'urar gwaji ya auna lafiyar batirin.

Daga ƙarshe, muna kira ga kwamitin ilimi da ya ware wani kaso na tallafin karatu don tura matasanmu koyon gyaran waɗannan motoci da haɗa sola. Makanikan da suka san wannan aiki ba su da yawa, kuma motocin ƙaruwa suke yi. Idan 'ya'yanmu suka riga wasu, sun samu sana'a, mu kuma mun samu mai duba mana mota idan mun zo Sallah.

Allah Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya ƙara mana zumunci.