Jawabin Ma'ajin Ƙungiya Kan Batun Sa Jari a Kamfanin Falet na Roba

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan uwa da suka taso daga Maraɗi, Ƙonni, Illela, Jibiya da Maigatari, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Shugaba ya ce in yi bayani a kan takardar da wasu matasa suka kawo, suna neman mu sa jari a ƙaramin kamfanin da za su kafa a Sharaɗa, a Kano, na yin falet na roba, wato shimfiɗar nan da ake jera buhuna a kai don kada su taɓa ƙasa.

Buƙatar gaskiya ce. Duk mai sito a Dawanau ya san abin da danshin damina ke yi wa buhun ƙasa na riɗi ko zoɓorodo, ya kuma san yadda gara ke cinye na katako. Roba ba ta shan ruwa, ba ta da ƙusar da za ta yaga buhu, ana kuma wanke ta. Ga masu fitar da kaya Turai da Asiya akwai ƙarin dalili: tun 2002 ƙa'idar duniya mai suna ISPM 15 ta ce katakon da ake ɗora kaya a kai sai an gasa shi ko an yi masa hayaƙin magani, an buga masa hatimi. Roba ba ta cikin wannan doka.

To amma mu tambayi kanmu, wa zai saya? Lodinmu na kan iyaka da 'yan dako ake yinsa, buhu-buhu, ba da motar ɗaga kaya ba. Falet ɗin da ya bi tirela ya haura Ɗan Isa kuwa, wa zai biya kuɗin dawo da shi fanko? Ai ya tafi ke nan. Saboda haka kasuwarsa ba ta kan hanya, tana cikin sito: masu sarrafa shinkafa, dillalan taki da sukari, kamfanonin lemo, ma'ajiyar magunguna, da masu cika kwantena a tashar tsandauri ta Dala. Waɗannan su ne ya kamata matasan su kawo mana sunayensu da takardar oda. A takardarsu na ga hoton inji, ban ga mai saye ko ɗaya ba.

Sai batun inda kuɗin ke nutsewa. Falet ba bokiti ba ne. Abu ne mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita 1.2, yana son babban inji da mazubin ƙarfe mai nauyin gaske, kuma kowane samfuri da nasa mazubin. Da dala ake sayo su, kun kuma ga inda Naira ta shiga tun watan Yunin 2023. Bayan haka ga wuta. Injin narka roba ba ya son a ɗauke masa wuta yana tsakar aiki. Abin da ke ciki ya daskare, an yi asarar roba da lokaci. In aka koma janareto, man dizal ya cinye ribar.

Sun ce da tsohuwar roba za su yi aiki, kuma nan ne na yaba musu, don Kano ba ta rasa masu tara fasassun jarkoki da akwatunan lemo da masu niƙa su. Sai dai roba iri-iri ce. In aka gauraya ta barkatai, falet zai yi kyau a ido, ya sha ranar bazara ɗaya ya tsage. Na katako in ya karye kafinta zai buga masa ƙusa. Na roba sai a mayar da shi injin niƙa.

'Yan uwanmu na Nijar kuma kada mu lissafa kasuwarsu kamar tana aljihu. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa a 2023, ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kamfanin da ba zai iya tsayuwa da kasuwar gida kaɗai ba, rufewa ɗaya ta ishe shi.

Ga shawarata. Asusun taimakon marayu da waɗanda suka yi asara a hanya, kada a taɓa shi, amana ce. Masu sha'awa su haɗa nasu daban, a rubuta yarjejeniya gaban lauya da malami: kason kowa a riba da asara, wanda ke riƙe da littafi, da yadda mutum zai fita in ya so. Kuɗin kuma a ba da shi kashi-kashi. Kashin farko su sayi mazubi kawai, su yi hayar inji a wata masana'antar da ke aiki, su fitar da samfuri. Mu kai sito uku, a jera masa buhuna har damina ta wuce. In ya jure, masu sito kuma suka biya da kuɗinsu, sai a zauna maganar inji.

Mai son shiga ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.